Alkakin da Aka Binne

Wata Kirista ce ta jawo mahaifiyata ta rasa yatsunta, kuma ban yafe mata ba. Ta daɗe da mutuwa, Inna ma ta daɗe a ƙasa, ni kaina yanzu sai da sanda nake kaiwa bakin zaure, amma maganar tana nan a ƙirjina ɗanya shakaf. Abin da ya taso da ita wata yarinya ce ma'aikaciyar jinya da ke zuwa auna mini hawan jini duk mako. Kirista ce mai hankali, tun daga ƙofa take cire takalmi, ta durƙusa ta gaishe ni. Rannan tana naɗe kayan awonta ta ce, "Hajiya Kaka, wai me ya sa ku mutanen cikin birni ba kwa son jin maganarmu? Mutum na buɗe baki sai ku haɗe fuska." Na ce, "'Yar nan, mun taɓa saurara." Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya nake. Ba ni da numfashin ba ta amsa a zama ɗaya, shi ya sa na sa aka sayo mini littafin rubutu. Sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga baƙaƙena sun karkace ya yi haƙuri. Maganar dai a miƙe take.

Gidanmu na nan kusa da Ƙofar Kuyambana. A lokacin ganuwa tana da tsayin da in akuya ta hau sai an bi ta da jifa kafin ta sauko, yanzu kuwa an yi ta yankar ta ana gini har wani wurin yaro ma ya tsallake ta bai sani ba. Kunne ne agogonmu. Ana sallame asuba za ka ji dutsen niƙa yana gurza a kowane gida, hantsi ya ɗaga taɓarya ta karɓa, mata uku a turmi ɗaya suna lugude har da tafi. Can ƙasan lungu mabuga suna ta fama da riguna, dum, dum, ba sa ɓata kiɗa, a zaurenmu kuma masu ɗinkin riga suna zare da allura suna yanka mutane da baki. In ka ji duk sun yi tsit, azahar ta yi. Yau in na kasa kunne ba abin da nake ji sai janareta da babura da injin markaɗe, da waƙa daga wayar kowa. Jikokina ba su san ƙarar alkama a kan dutse ba, sun ɗauka a leda take tsirowa.

Babanmu ya rasu ina ƙarama, muka zauna a hannun wansa, Baffa, da ƙanwarsu Gwaggo da ta dawo gida bayan mutuwar mijinta. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "ke" sai "yarinyar nan." Sana'arta alkaki da nakiya da dubulan. Daga unguwarmu har Kusfa, duk garar da ba alkakin Inna a ciki sai an yi gulmar uwar amarya. Takan ɓarza alkama da kanta, ta murje ta da mai har kowace ƙwaya ta sha, ta kwaɓa da tsami ta rufe ta kwana. Da safe ta sa ruwan kanwa, ta murza a tafin hannu ta naɗe, ɗaya bai fi ɗaya ba kamar an auna. Ni ke hura wuta, ni ke tsoma soyayyen cikin zuma. In na yi sauri takan ce, "Ke, bar shi ya sha, ba korar ki ake ba." Hannunta ne jarinta, shi ke ciyar da mu, shi ya sa Gwaggo ba ta iya ɗaga mata murya duk da tana so. Yanzu ana yin alkaki da fulawa da sukari a sa a roba mai murfi, na ɗanɗana sau ɗaya na ba kaji.

Wata safiya muna suya na ji ƙaurin nama. Na duba murhu ban ga komai ba, na ɗago sai na ga gefen hannun Inna jingine da bakin kasko, tana ta ba ni labari tana dariya. Na yi ihu na janye ta. Fatar ta tashi fari sol, ita kuwa ba ta ji komai ba. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ja mayafi ta rufe, ta ce, "In kika faɗa wa Gwaggonki ban haife ki ba." Ashe ta kwana biyu da ganin wani tabo mai haske a damtsenta da wani a bayanta, tana ɓoyewa. A birni ba a kiran sunan kuturta a gidan mutunci, sai a ce babbar cuta. Mun san inda masu ita ke ƙarewa, muna ganin su bakin kasuwa da ƙoƙo a tsakanin dungulmi, ana jefa musu sadaka daga nesa.

Akwai wata mata da ke shigowa gidajen birni, muna ce mata Mama Nas. Bahaushiya ce, Hausarta ta fi tamu tsabta, an ce kakanta ma ɗan birni ne kafin ya bi masu mishan. Tana aiki a wani ɗan ɗakin shan magani na cocinsu a bayan ganuwa, ranar Talata kuma ta shigo tana duba masu ciki tana koya wa matan kulle saƙar ulu. Mazan birni sun bar ta tana shiga saboda ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwa. Ta saba da Inna wajen sayen alkakin Kirsimeti, tana ce mata Yaya. Ita ta ga ƙunar. Ta kore ni, na maƙale a bakin asabari ina leƙe. Ta sa Inna ta rufe ido, ta ɗauko ɗan auduga tana shafa mata nan da can. "Nuna mini inda na taɓa, Yaya." Inna ta nuna goshi, ta nuna wuya. Da aka zo kan tabon ta yi shiru tana jira, auduga na kai da kawowa a kansa.

Mama Nas ta ce, "Ita ce. Amma an kama ta da wuri. Akwai ƙwaya, in kin jure shan ta ba ranar fashi, ko farce ba za ki rasa ba. Sai dai shan na da tsawo, shekaru ne."

Inna ta kama zanin Mama Nas. "Ki rantse mini ba mai ji."

"Mu ba ma rantsuwa, Yaya. In na ce miki i, to i ne. Daga ni sai ke, sai wannan mai kunnen da ke bayan asabari."

Wannan magana ta shiga Inna fiye da rantsuwa goma. Mu da muka tashi cikin masu wallahi tallahi a kan goro ɗaya, ga mace ta ce bakinta kaɗai ya isa. Daga nan kowace Talata tana kawo ƙwayoyin, farare ƙanana, a ƙulle cikin takarda ta cusa a tsakiyar dunƙulen ulu. Makonnin farko ta hana Inna taɓa ƙullu, ni na yi ta murzawa ana cewa ina koyon sana'a, har ta ce yanzu magani ya kama jiki, Inna ba za ta sa wa kowa ba ko da a kwano ɗaya ake ci. Inna ba ta yarda ba, ta ware wa kanta kwano a ɓoye. Wata Talata Mama Nas ta tarar da ita tana cin tuwo ita kaɗai a ƙuryar ɗaki, ta ajiye jaka, ta wanke hannu, ta zauna ta sa hannu a kwanon. Inna ta janye kwanon, Mama Nas ta jawo shi. Suka ci tare, Inna na ci hawaye na zuba a miya. Na ga wannan da idona, kuma ba zan ɓoye shi don ina fushi ba.

A irin wannan zaman ne take ba da labaran addininsu, ba ta matsawa, tana saƙa tana magana. Mu ma mun san Annabi Isa, malamai sun gaya mana yana warkar da kutare da izinin Allah. Abin da ba mu taɓa ji ba shi ne wai ya miƙa hannu ya taɓa mutumin tun kafin ya warke. Inna ta ce, "Da hannu? Fata da fata?" Ta sa aka maimaita mata labarin ya fi sau biyar. Ba ta bar salla ba, ko raka'a ɗaya, amma na fara jin tana gunguna wata waƙarsu a bakin kasko. Rannan da kunnena na ji ta ce, "Ƙanwata, ki sa ni a addu'arku, ki kira sunan nasa." Bayan matar ta tafi ta ce mini, "Ke, mutanen nan suna da wani abu. Ban san ko mene ne ba, amma ina so in ga ƙarshensa." Na tsorata, na kuma yi shiru, don ni ma zuciyata ta fara karkata. Tabon damtsen ya soma dushewa. In da a lokacin Mama Nas ta ce mu bi ta mu ga yadda suke ibada, wallahi da mun saci jiki mun je.

Sai ga babban taron zumuntar matansu, da baƙi daga garuruwa. Mama Nas ta ce Inna ta yi musu alkaki mai yawa, tana so baƙi su san birni da daɗi. Kwana uku muna aiki. Inna ta zaɓi zumar da ta fi kyau, ta ƙi bari in naɗe ko ɗaya, ta ce na waɗannan mutanen da hannunta za ta yi. Sawu biyu na yi da fanteka a ka har cocin, aka jera a faranti kan tebur a gindin mangwaro, aka ce in jira a juye in tafi da kayana. Na raɓe jikin taga ina kallo. Mata ne cike, duk zani iri ɗaya, suna buga tulu da tafin hannu suna kaɗa caki, muryoyinsu kamar za su ɗaga kwanon rufi. Abin ya burge ni ƙwarai.

Suna da wata al'ada da suke kira shaida. Mace ta tashi gaban jama'a ta faɗi abin da Allah ya yi mata, a tafa. Wata ta ce mijinta ya bar giya, wata ta ce ta haihu bayan shekara goma, kuma na lura kowace tana ƙoƙarin tata ta fi ta baya. Mama Nas ce ta tashi daga ƙarshe, ta gyara ɗankwali, ta dubi manyan baƙin da ke kujerun gaba.

"'Yan'uwa, kun san yadda cikin birni yake, dutse ne. To dutsen ya fara tsagewa. Akwai wata mata a Ƙofar Kuyambana, ba zan faɗi sunanta ba, kuturta ta kama ta tana ɓoyewa. Ni nake kai mata magani, ni nake cin abinci da ita a kwano ɗaya. Da bakinta ta ce in yi mata addu'a da sunan Yesu. Saura ƙiris ta shigo. Kuma don ku san ikon Allah, alkakin nan da za ku ci yau, hannunta ne ya yi shi!"

Coci ya ɗauki guɗa. Aka buga tulu, aka tashi tsaye ana rawa, wata tsohuwa ta rungume ta tana kuka. Ni kuwa na zauna a ƙasa jikin bango.

Aka fito cin abinci. Ina kallo suka bi layi, kowace ta ɗebi shinkafa, ta ɗebi nama, in ta zo kan farantin alkaki sai ta tattare zani ta ratse. Wata da ta saci ɗaya tun kafin a fara ta ruga bayan coci tana cusa yatsa a maƙogwaro. Wata babba mai tabarau, da alama shugabarsu ce, ta ce da ƙarfi, "Haba, ai da kin gaya mana tun farko! A haƙa rami a binne shi, kada yara su ɗauka." Aka kawo fartanya. A gabana aka juye aikin kwana uku a rami, zuma na naso a ƙasa, ƙuda na bi. Suka wanke fantekata da tafasasshen ruwa da wani magani mai warin asibiti, wata ta turo mini ita da ƙafa. Ta ce, "Ke ce 'yar? Tsaya daga nan. Buɗe hannunki mu gani. Juya. Allah sarki, ki gaya wa mamanki muna ƙaunarta, muna ta yi mata addu'a." Mama Nas na tsaye bai fi taku biyar ba, akwai sauran faranti ɗaya a gabanta da ba a kai ramin ba. Muka haɗa ido. Guda ɗaya tak za ta ɗauka ta kai baki, duk matan nan su ji kunya. Ta juya ta ɗauki butar shayi ta nufi baƙi.

Da na dawo Inna ta tare ni tun a tsakar gida. "Sun ji daɗi?" Na ce sun cinye tas. Ta yi murmushi ta ce ta ajiye wa ƙanwarta nata rabon a ɗan kwano, sai Talata.

Ƙaryata ba ta kai kwana uku ba. Matan nan da su muke cin kasuwa ɗaya, wasu malaman makaranta ne, wasu ungozoma, magana ta tsallako ganuwa ta riga ni numfasawa. Kuma biyu ta zo, ga cuta ga cewa Mai Alkaki za ta bar addini. Wata hajiya daga Tukur-Tukur ta aiko a karɓo mata alkamarta tun ba a ɓarza ba. Wata da aka riga aka kai wa nakiya ta sa aka dawo da ita aka watsar a ƙofar zaurenmu. Masu ɗinki suka kwashe tabarminsu suka koma gidan gaba. Gwaggo ta shigo ɗaki ta finciki mayafin Inna, ta ga tabon, ta ja da baya tana salati. "Munafuka! Wata nawa kina ba mu guba muna lashe hannu? Ashe shi ya sa kike ƙunshe da wannan matar, an saye ki da ƙwaya!" Ta kwashe kwanukanmu ta jefa bayan rumbu, ta ɗaura tsumma a moɗar da za mu riƙa shan ruwa da ita. Baffa bai yi ihu ba, shi ba ya ihu. Ya tsaya daga nesa ya tambaye ta ko har yanzu tana salla, ta ce tana yi. Ya ce to, a share ɗakin da ake ɗaure tumaki, ta koma can.

Kada wani ya karanta wannan ya ce na wanke mutanena. Abin da birni ya yi wa Inna zalunci ne, Gwaggo ta mutu ban je gaisuwa da zuciya ɗaya ba. Amma su ba su taɓa zama a ɗakinmu sun ce mana su masu taɓa kutare ne ba. Mun san halinsu, shi ya sa muke ɓoyewa. Waɗancan kuwa da labarin taɓawa suka buɗe ƙofarmu. Da na iya karatu, abu na farko da na nema a asirce shi ne littafin nasu da Hausa, ina so in kama matar nan da ƙarya ko a kabari take. Na bi da yatsa, baƙi bayan baƙi, har na sami wurin. Ba ta yi ƙarya ba, ya taɓa shi. Na kuma ga abin da ba ta taɓa gaya mana ba, cewa bayan ya warkar da mutumin ya gargaɗe shi kada ya yi ta yaɗawa. Na rufe littafin na zauna ina huci. Ashe suna da shi a rubuce. Yanzu kuma abin ya zama ruwan dare, jikata takan nuna mini a waya, an ɗauki hoton marar lafiya a kwance tsirara rabi, an dafa kansa ana ihu, duniya na kallo. Namu ma sun koya, sai an haska fuskar maraya kafin a miƙa masa buhu. Duk wanda ya mai da ciwon wani abin ado a gaban jama'a, kada ya yi mamaki in ya dawo ya tarar da ƙofa a rufe.

Ranar Talata Mama Nas ta zo da jakar ulunta kamar ba a yi komai ba. Gwaggo ta nuna mata ɗakin tumaki da baki. Ta sunkuya ta shiga, ina biye. Inna na zaune kan buhu, warin fitsarin dabbobi bai gama fita ba.

"Yaya, na ji abin da ya faru, raina ya ɓaci. Amma ban faɗi sunanki ba, Allah ya sani."

"Mai alkaki nawa ce a Ƙofar Kuyambana?"

"Don a taya ki addu'a na yi. A wurinmu ba a ɓoye aikin Allah, shaida ce. Kuma ki duba, Yaya, wataƙila hanya ce aka buɗe miki. Tunda sun kore ki, ki zo wurinmu, akwai ɗaki a bayan asibiti da muke ajiye irinku."

"Irinmu," in ji Inna. Ta jinjina kai. "Yarinyar nan ta gaya mini komai jiya. Abu ɗaya nake so in ji daga bakinki, tunda i ɗinki i ne. Kin ci?"

Mama Nas ta ce mutane ne masu rauni, ba su da ilimin cutar, in ta matsa musu a gaban baƙi taron zai watse.

"Ban tambaye ki mutane ba. Ke, kin ci?"

Tunkiya ta leƙo ta koma.

Inna ta ce, "A ɗaki kin iya. To na ga ƙarshen abin. Ɗauki ulunki. Daga yau ko ruwa ne a hannunki, in ina mutuwa, kada ki ɗiga mini. Sunan nan kuma da na ce ki kira, na janye, ki bar shi ya huta da bakinki."

Mama Nas ta fita tana share ido. A zaure ta kamo hannuna ta danna mini wani ƙulli babba. "Na wata uku ne. Ki riƙa murje ɗaya a kununta kullum, ba ta da ɗanɗano, ba za ta sani ba. In ya ƙare ki zo ki karɓa, ba sai ta gan ni ba. 'Yata, ki ji ni da kyau, in ta daina sha cutar za ta dawo, kuma hannu za ta fara ci."

Zan faɗi abin da ya biyo baya tun yanzu, don kada wani ya zauna jiran daɗin ƙarshe. Inna ba ta ƙara shan ƙwayar ba sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da na yi aure na sami bakin da zan ja ta asibitin gwamnati da ƙarfi. Kafin nan ta sha saiwoyi da rubutu har cikinta ya gaji. Ƙaramin yatsan dama ne ya fara lanƙwashewa, na kusa da shi ya bi, ƙuna da gyambo suka yi ta cin sauran tana kallo ba ta jin zafi. Ta yi tsawon rai. Ni nake ɗaura mata zani, ni nake sa mata loma a baki, matar da ta naɗe alkakin auren rabin birni. Har ta rasu, in ta ji ƙararrawar coci daga nesa sai ta juya fuska bango.

Na san abin da ke cikin ƙullin nan, ba yarinyar goye ba ce ni, an gaya mini dalla-dalla. Na sa shi a ƙugu na wuni da shi, na dama kunun yamma na kai wa Inna ban sa komai ba.

Washegari da hantsi na buɗe ɗan kwanon da Inna ta ajiye wa Mama Nas, na ɗauki alkaki ɗaya na naɗe a ganye, na fita ta ƙofar gari. Na same ta a barandar ɗakin maganin, marasa lafiya sun yi layi a benci, mai tabarau da wasu matan zumunta biyu suna zaune gefe suna naɗe bandeji. Na ratsa layin na tsaya a gaban teburinta, na buɗe ganyen, na ajiye ƙullin kusa da shi.

Na ce, "Ga rabonki, Inna ta ajiye miki tun ranar. Ki ci a nan, a gabansu. In kin ci, na yi miki alkawari kullum zan sa mata maganin, har ta warke."

Ta dubi alkakin, ta dubi mai tabarau, mai tabarau ta dubi bandejinta. Hannunta ya taso daga kan tebur, na ga ya taso, sannan ya koma kan alƙalami.

"Ajiye mini, 'yata. In na tashi aiki zan ci."

Na ɗauki ƙullin na sauka daga barandar. Akwai kwata a bakin ƙofarsu inda ruwan wanke-wanke ke bi. Na kwance takardar na zazzage ƙwayoyin a ciki, na wata uku cur, tana kiran sunana tana cewa in tsaya. Na tsaya ɗin, har sai da na ga ta ƙarshe ta narke, sannan na kama hanyar birni.